Musayar waƙa: lambar da ta biya kanta

Ɗan Samaru:
Jama'a, ga ta: 33,550,336. Lambobi 26 ne ke raba ta ba saura. Cire ita kanta, tara sauran 25, ita za ta sake fitowa cif. Lambobi masu wannan hali zuriya guda ce.

Ku zo ku ga lamba mai kunya,
Ba ta cin bashi, ba ta ƙarya,
Shida ce babbar yaya, ta buɗe hanya,
Ita ce ta biyar a wannan zuriya.

Bakanon Sabon Gari:
Bazazzagi ya cika allo,
Miliyan talatin abin kallo,
Aljihu kuwa babu na koko,
In ta isa, jera min ita dala tun farko.

Ɗan Samaru:
Buhu ɗaya a sama, biyu a ƙasa,
Uku, huɗu, bi layi kar ka ƙosa,
Dubu takwas da ɗari da casa'in da ɗaya in ka isa,
Ga dala; taku ta gyaɗa tuni aka kwasa.

Malam Tudun Wada:
Haba ɗana! Ɗango na uku ya karye. Ka cusa 8191 a baiti kamar fasinja a motar Kwangila. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa, ina karin?

'Yar Kongo:
Baba Malam, a yi masa uzuri. 8191 ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, ta ina zai gutsure ta? Ninka ta sau 4096, lambar ce ta fito. Hanyar Yuklid, masanin lissafin Girka na da, ke nan, ta haifi 6, 28, 496 da 8128. Samaru dai ba a ja da ita!

Malam Tudun Wada:
'Yata, Yuklid bai koyar da kari ba,
Gurgun baiti bai taɓa kai kasuwa ba,
Mai awo in mudunsa bai cika ba,
Ba ya ce wa gero: ba ka rabu ba.

'Yar Kongo:
To Baba, ɗangonka na biyu ma da sanda yake tafiya.

Malam Tudun Wada:
A rera shi a ji. Ido ba ya auna kari.

Bakanon Sabon Gari:
Afuwan, caji ya ƙare tun jiya.

Gyaɗarmu ta tafi, ciniki bai tafi ba,
Zuriyar taku ban ga mara a ciki ba,
Duk cika ne, ko ba ku lura ba?
Kawo mara ɗaya, shago naka ne, ban fasa ba.

Ɗan Samaru:
Wayon Bakano! Ka sa shago a kan abin da duniya ba ta samo ba har yau. Riƙe wannan: tara 3, 3, 5, 5, 0, 3, 3, 6. Ashirin da takwas, yayarta ce ta leƙo.

Malam Tudun Wada:
Har yanzu ba a gyara min ɗango na uku ba.