Shawarwarin da aka ba wanda ya kaɗe barewa da mota

Wani ɗan'uwa ne ya kaɗe barewa bayan magariba, tun ranar barci ya gagare shi, wai da ya rufe ido ita yake gani. Mafi yawan mutane dai cewa suka yi ya daina ɗora wa kansa laifi tunda ba da gangan ba ne, dabbobin daji dama goshin magariba da asuba suka fi fitowa, kuma hasken fitila na kashe musu ido su tsaya cak a tsakiyar titi. Wani tsohon direba ma ya ce gara da ka taka birki ba ka karkatar da sitiyari ba, don garin kauce wa dabba mutane da yawa suka faɗa rami ko suka yi karo da mota mai tahowa, ni wallahi wannan maganar ta fi kama ni.

Wasu suka ce ya riƙa faɗa wa wani na kusa da shi, kar ya bar abin a ciki yana cin sa, in an ɗau makonni yana tsoron tuƙi ya ga likita. Nan gaba kuma in ya hango ɗaya ya rage gudu, galibi ba ita kaɗai ba ce.