Diski ɗaya ya ɓace daga vg_data bayan ɗauke wuta, in sa --force ko in dakata?

ƊanFagge

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina cikin wani hali, mai gidana kuma yana tsaye a kaina tun safe.

Ni ke kula da saba, wato babbar kwamfutar da ake ajiye aikin kowa a kanta, a wani wurin ɗab'i a nan Kano. Asalin aikina zane ne a CorelDraw. Wanda ya haɗa sabar ya bar aiki shekara biyu da suka wuce, sai aka ce tunda ni ne mai ɗan taɓe-taɓen kwamfuta, in riƙe. CentOS 7, wani nau'in Linux, ce a kanta. Diski uku ne: sda mai 500GB shi ke ɗauke da tsarin, sai sdb da sdc kowanne 2TB, an haɗe su da LVM, tsarin da ke haɗa diskoki su zama wurin ajiya ɗaya, a rukuni ɗaya mai suna vg_data. A cikinsa akwai LV guda, wato yankin ajiya da aka yanka daga rukunin, mai suna lv_aiki, kusan 3.6T, tsarin jera fayiloli na XFS ne a kai. Duk aikin kwastomomi a nan yake: katunan biki, littattafan rasit, fastocin 'yan siyasa tun zaɓen 2019, da kalandun da za mu buga a wannan watan.

Shekaranjiya da la'asar aka ɗauke wuta, UPS ɗin kuwa batirinsa ya daɗe da mutuwa, na yi magana har na gaji. Yaro ya tada janareta, wuta ta dawo, ya mayar, ta sake ɗaukewa. Sau uku sabar tana mutuwa tana tashi. A na ƙarshe ta tsaya a baƙin allo tana neman kalmar sirrin root, wato babban mai iko da injin. Da na shiga na buga `vgs` sai ta ce "Couldn't find device with uuid" da wata doguwar lamba. `lsblk` yana ganin sdc da girmansa daidai, amma `pvs` yana nuna [unknown] a gurbinsa. Na kasa kunne, diskin ba ya ƙara, juyawa yake lafiya.

Na gani a intanet an ce a buga `vgreduce --removemissing vg_data`. Na buga, ta ƙi, ta ce sai na ƙara --force. Yatsana na kan madanni na tuna da wannan zauren. In sa? Kwafin ajiya na ƙarshe da muke da shi na watan azumin bara ne, a wani ɗan diskin aljihu.

Baba_Injiniya

Wa alaikumussalam. Ɗana, ɗauke hannunka daga madannin nan. Allah Ya taimake ka da ta ƙi. Abin da --force zai yi shi ne ya goge duk wani LV da ke da ƙafa a kan diskin da ya ɓace, kai kuma LV ɗaya gare ka, kuma shi ne dukiyar gidan. Umarnin na wanda ya riga ya haƙura da kayansa ne, yana so ya share wuri ya ci gaba.

Ka ɗauki LVM kamar fili da takardarsa. Kowane diski an yanka shi fuloti-fuloti, kowane fuloti 4 MiB idan ba a canza ba. Sannan akwai takarda da ke cewa fuloti kaza zuwa kaza na sdb, da kaza zuwa kaza na sdc, su ne lv_aiki. Takardar nan da lambar shaidar diskin suna zaune a farkon kowane diski, cikin MiB ɗaya na farko. Lambar shaidar ma a sashe na biyu take, bayan baiti 512 na farko. Idan wurin nan ya lalace, LVM zai dubi diskin ya ce bai san shi ba, alhali gine-ginen suna nan tsaye a kan fulotinsu. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan. Amma zato ne, kuma diskin da farkonsa ya ruɓe babu mai rantse maka a kan tsakiyarsa.

Don haka gyara ba shi ne farko ba. Duba `dmesg`, ka nemi layukan I/O error a kan sdc. Ka buga `smartctl -a /dev/sdc` ka kalli lambar ƙarshe ta layi mai lamba 5 da mai lamba 197, su ke ƙirga wuraren da suka lalace a diskin. In ka ga wani abu ban da sifili, musamman a 197, kashe sabar. Je ka Beirut Road ko inda kuke saye ka samo sabon diski wanda bai gaza tsohon girma ba ko da baiti ɗaya, ka tada injin daga filash mai SystemRescue, wato Linux na aikin ceto, ka kwafe sdc kacokan da GNU ddrescue:

`ddrescue -f -n /dev/tsoho /dev/sabo taswira.map`

Wannan zagayen yana kwashe wuraren da ke da lafiya da sauri ya tsallake masu wuya. In ya gama sai ka koma wa masu wuyar:

`ddrescue -f -d -r3 /dev/tsoho /dev/sabo taswira.map`

Fayil ɗin taswira.map ka aje shi a wani filash daban. A ƙasar nan shi ne rabin aikin, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiya, da shi ddrescue zai ci gaba daga inda ya tsaya maimakon ya sake wahalar da diski mara lafiya tun daga farko. Kuma kar ka yarda da sunayen sdc da sdd, suna sauyawa in an sake kunna inji. Duba /dev/disk/by-id ka gwada da lambar da ke rubuce a jikin diskin. Na taɓa ganin wanda ya juya tsoho da sabo a wannan umarnin, ya kwafe sabon diski fanko a kan kayan mutane. Ba zan faɗi ko waye ba, amma gemunsa bai yi fari ba a lokacin, kuma yanzu yana ba yara shawara a zaure.

In ka ji diskin ya fara ƙas-ƙas a tsakiyar aiki, tsaya nan take. Wannan ya wuce umarni, sai masu buɗe diski a ɗaki mara ƙura.

Sarkin_Waya

Baba da girmanka, amma wannan hanya ta yi tsawo ga mutumin da oga ke tsaye a kansa. Ni da `vgchange -ay --activationmode partial vg_data` zan yi, in kwashe rabin da ke kan sdb yau-yau. Sauran kuma PhotoRec, manhajar tsinto fayilolin da suka ɓace, ya bi sdc ya tsinto. Na yi wa wani mai shagon hoto haka, ya samu hotunansa.

'YarZariya

Sarkin_Waya, mai hoto daban, mai ɗab'i daban. PhotoRec ba ya dawo da suna ko jaka, lambobi kawai zai jera maka. Hoto kana buɗewa ka gane fuskar amarya. Shi kuwa wannan bawan Allah fayil dubu nawa na Corel zai buɗe ɗaya-ɗaya don ya gano wanne ne rasit ɗin wane? A bar shi a matsayin makamin ƙarshe.

Batun rabi kuma, ba rabi ba ne yadda kake tsammani. XFS yana raba wurinsa gida-gida, kuma da gangan yake watsa sabbin jakunkuna cikin gidajen nan. Jakar da aka buɗe yau tana iya faɗawa sdb, ta gobe ta faɗa sdc, kuma babban fayil yana iya samun kai a nan ƙafa a can. In ka tada shi da diski ɗaya za ka ga wasu jakunkuna suna buɗuwa, wasu suna ba da kuskure, wani lokaci ma XFS ya rufe kansa gaba ɗaya. Ba haramun ba ne in diskin ya mutu murus, amma nasa yana juyawa.

ƊanFagge, bayan ka gama abin da Baba ya ce, cire tsohon sdc daga injin gaba ɗaya ka sa shi a durowa. Kar ka bar shi tare da kwafinsa, LVM ba ya son ganin diski biyu masu shaida ɗaya. Ka yi sa'a /etc ɗinka yana kan sda, don haka takardun filin suna nan a /etc/lvm/backup da /etc/lvm/archive. Kwafe jakunkunan biyu zuwa filash kafin komai. Ka sa # a gaban layin lv_aiki a /etc/fstab, jerin wuraren ajiyar da sabar ke nema in ta tashi, don ta daina tsayawa a baƙin allo. Sannan:

`vgcfgrestore --list vg_data`

Zai jero maka kowace takarda da ranarta da umarnin da aka buga a lokacin. Zaɓi wadda aka rubuta kafin ranar ɗauke wutar amma bayan ƙara diski na biyu. Buɗe ta ka karanta, rubutu ne zalla. Za ka ga pv0 da pv1, kowanne da id. Ka tabbata id ɗin pv1 shi ne doguwar lambar da injin ke kukan nema, ka tabbata babu kalmar MISSING a layin flags ɗinsa, ka kuma duba pe_start, yawanci 2048 ne. Sai ka mayar wa sabon diskin shaidar tsohon:

`pvcreate --uuid "lambar" --restorefile takardar /dev/sabo`

`vgcfgrestore -f takardar vg_data`

`vgchange -ay vg_data`

Kar ka kuskura ka buga pvcreate tsirara babu --uuid da --restorefile. Su ne ke sa ya aje komai daidai inda yake a da, ya tsaya a farkon diskin bai taɓa fulotin ba. Ka kuma sani cewa vgcfgrestore yana rubutu a kan sdb shi ma, a wurin takardarsa. Ni in nawa ne, sdb ma sai na kwafe shi na yi aikin a kan kwafi biyu, tunda tare suka sha duka sau uku. Na san kuɗi ne.

In LV ya tashi, hau shi don karatu kawai: `mount -o ro,norecovery /dev/vg_data/lv_aiki /mnt`. Kwashe kaya da rsync zuwa wani wuri, ka fara da aikin wannan watan. Kar ka taɓa xfs_repair sai kaya sun fita, in za ka taɓa ma fara da -n wanda dubawa kawai yake. Shi kuwa -L yana zubar da littafin da XFS ke rubuta ayyukan da bai kammala ba, intanet cike take da masu ba da shi kamar fanadol.

Baba_Injiniya

Hajiya ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, kuma wurinsa tsakanin nawa da nata yake. Inda ddrescue ya kasa karantawa, sabon diskin ba zai yi kuka ba, zai miƙo abin da ke wurin kamar lafiya lau. Wato rsync zai gama babu kuskure ko ɗaya, sai ranar da kwastoma ya zo ka buɗe fayil ya ƙi. Maganinsa: rubuta wata kalma da ba za a same ta a aikinku ba cikin ɗan fayil, ka sa ddrescue ya cika ramukan da ita:

`ddrescue -f --fill-mode=- kalma.txt /dev/sabo taswira.map`

Daga baya `grep -rl` zai faɗa maka fayilolin da kalmar ta faɗa ciki. Amma ka yi wannan kafin pvcreate. In ka yi bayansa, zai bi ta kan shaidar da ka mayar ya shafe ta, tunda ina zaton ramin farko a nan yake.

Sarkin_Waya

To na karɓa. Wannan ta cika ramuka ban taɓa jin ta ba wallahi.

ƊanFagge

Jama'a na dawo, kwana huɗu ke nan. Allah Ya saka da alheri, Baba da Anti 'YarZariya.

Layi na 197 ya nuna 56. Na kashe na je na faɗa wa mai gida cewa ko dai ya sayi diski ko ya fara kiran kwastomomi yana ba su haƙuri. Ya sayi 2TB ɗaya da 4TB ɗaya na zuba kaya. Na kwafar sdb ya ce babu, na duba lafiyarsa duk sifili ne, na yi bismilla na bar shi. Anti ki yi haƙuri.

Na ɗauki injin zuwa gidan wani abokina mai sola. Zagayen farko ya ci kusan awa bakwai, na biyu ya kwana yana fama. Batirin solar ya ƙare da asuba, da rana ta fito na kunna ya ɗora daga inda ya tsaya, a nan na gane maganar taswira. A ƙarshe abin da ya gagara bai kai 30 kB ba, a wuri shida, na farkonsu tun daga baiti na sifili, kamar yadda Baba ya zata.

Na yi tuntuɓe sau ɗaya. Takardar da na fara buɗewa a archive diski ɗaya kawai ta nuna, ashe ta kafin a ƙara sdc ce. Da ban karanta ba da ita zan mayar. Ta /etc/lvm/backup ce ta fito da pv0 da pv1 babu MISSING. Bayan pvcreate `pvs` ya ci gaba da nuna [unknown], gabana ya faɗi, sai da na buga `pvscan --cache` ya gane shi. Da na buga `ls /mnt` na ga jakar KALANDA sai da na tashi na zaga ɗakin.

grep ya ɗauki yini guda, ya fito da fayil uku. Biyu tsoffin fastoci ne na wani da bai ma ci zaɓen ba. Na ukun kalandar wata makarantar Islamiyya ce da za mu buga sati mai zuwa, amma hotunan suna nan a WhatsApp ɗin mai gida, jiya na sake zana ta.

Yanzu ina da tsohon sdb, da sabon 2TB, da 4TB mai kaya. In sake haɗa su yadda suke a da, ko akwai tsarin da ya fi?

'YarZariya

Barka da arziki. Kar ka maimaita tsarin da. Yadda aka jera su, kowanne ya faɗi ya ja ɗan'uwansa. Ka tace kayan, abin da ake aiki da shi yanzu na tabbata bai kai 1.8T ba. Haɗa 2TB biyun su zama madubin juna da `lvcreate --type raid1 -m 1`, tsoffin ayyuka su zauna a 4TB, a kuma riƙa zuba masa kwafin sababbi kowane dare. Tsoffin da za su rage a wuri ɗaya kuma ka matsa wa mai gida ya ƙara diski ko na aljihu ne. Tunda za ka taɓa injin, ka sani CentOS 7 ya daina samun gyara tun 30 ga Yuni 2024, ka duba Rocky Linux ko AlmaLinux a madadinsa. Batirin UPS fa?

ƊanFagge

Ya ce bayan an biya kuɗin kalanda. Na cire wayar sabar daga layin janareta na ɓoye a jakata, sai batirin ya zo zan mayar.