Wai don wasan da ko kofi babu ake kafa abin tunawa?

Dan Toronto: Jama'a dazu na bi ta kofar Hockey Hall of Fame, gidan tarihin da ake karrama gwanayen hokin kankara a nan Toronto, na tsaya ina kallon abin tunawar da aka kafa wa tawagar Kanada ta 1972, wadda ta doke Tarayyar Sobiyet a hokin kankara. Ni fa a ganina zuzutawa ce kawai, ba Olamfik ba ce ba gasar duniya ba ce, wasa takwas ne tsakanin kasa biyu, ko kofi babu.

Kawu Sale: Yaro man kaza. Zamanin yakin cacar baka ne fa, Kanada na ganin wasan gadon gidansu ne, sai ga Rashawa sun zo har Montreal sun lakada musu 7-3 tun wasan farko, kasa ta dau zafi. Sai da suka ci uku na karshe a jere a Mosko, Paul Henderson ya jefa ta karshe saura dakika 34, aka tashi 6-5. Har aji aka shigar da talabijin yara suka kalla, kai kana maganar kofi.

Maman Ihsan: Kawu ka yi hakuri amma ka boye rabin zance. A wasa na shida Bobby Clarke na Kanada da gangan ya kwada wa Kharlamov sanda a idon sawu, shi ne fa gwanin Rashawan, bai buga na bakwai ba, na takwas ma da kyar. In za a rubuta tarihi a dutse a sa wannan ma.

Kawu Sale: Yar nan su ma Rashawan ba waliyyai ba ne, alkalanci sai a hankali.

Auwal Mai Shayi: Ni abin tunawar da ya cancanta na Amurka ne, daliban jami'a suka doke Sobiyet 4-3 a Olamfik din Lake Placid a 1980, suka kara da Finland 4-2 suka dau zinare, shi ya sa mutum-mutumin kocinsu Herb Brooks ke tsaye a birnin St. Paul.

Maman Ihsan: Mutum-mutumin ne ma ba na so wallahi. Ba sun sa wa filin Lake Placid sunansa ba? Ai ya isa.

Dan Toronto: Kawu ka amsa min daya. Tretiak golan Rashawa na cikin Hall of Fame din nan tun 1989, Kharlamov ma an sa shi, amma Henderson da ya ci kwallon an bar shi a waje. To wa ake karramawa?

Kawu Sale: Bari in dawo daga masallaci tukuna.