Neman jagora ga mai binciken injiniyancin juriya a Kaduna

Ɗaliba daga Malali

Assalamu alaikum. Ina shekarar farko ta digiri na uku a sashen injiniyan lantarki, kuma bincikena ya shafi injiniyancin juriya, wato fannin da ke nazarin yadda babban tsari irin na wutar lantarki ko jirgin ƙasa ko asibiti yake ci gaba da aiki idan abin da ba a zata ba ya auka masa. Abin da ya ja ni gare shi shi ne duhun da jihohin Arewa da dama suka shiga a watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna. Ina so in fahimci yadda ma'aikatan tashoshin wuta suke yanke shawara a irin wannan hali. Malamin da ke duba aikina gwani ne a lissafin layukan wuta, kuma ba ya yi mini rowar lokacinsa, amma ya faɗa mini gaskiya cewa wannan ɓangare ba fagensa ba ne. Ta wace hanya ɗalibi daga nan zai sami jagoran da ya san fannin, ko a gida ko a waje?

Malamin jami'a, Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Fannin ba tsoho ba ne, shi ya sa masanansa ba su da yawa. An yi taronsa na farko a ƙasar Suwidin a 2004, kuma a 2006 Erik Hollnagel da David Woods da Nancy Leveson suka tattara muƙalun da suka zama tubalinsa. Ƙungiyar masana fannin ta duniya tana yin babban taro, tana kuma da shiri na musamman domin ɗaliban digiri na biyu da na uku, inda ɗalibi yake gabatar da aikinsa a gaban manya su yi masa gyara. Ki riƙa bibiyar sanarwarsu. Idan kina son zama a wata jami'a ta waje na ɗan lokaci ba tare da kin bar rajistarki ta gida ba, tallafin karatu na ƙasashen renon Ingila yana da tsarin da ɗalibin digiri na uku yake yin wata 12 a wata jami'ar Birtaniya, amma sai an sami malami a can da ya amince ya karɓe ki.

Hanyar samun wannan amincewa ita ce inda ɗalibanmu suka fi tuntuɓe. Wasiƙar da ta ce kawai "ina roƙo ka zama jagorana" ba kasafai ake amsa ta ba. Ki zaɓi masani guda wanda kika karanta aikinsa da kyau, ki aika masa da shafi biyu da ke bayyana matsalarki, sannan ki yi masa tambaya ɗaya tak wadda zai iya amsawa a zama guda. Hollnagel ya ce tsari mai juriya yana da iyawa huɗu: mai da martani, sa ido, koyo daga abin da ya faru, da hango abin da ke tafe. Idan kika nuna wa masani yadda waɗannan suke a tashar da wuta take yankewa a kai a kai, kin kai masa abin da ba shi da shi a ƙasarsa.

Tsohon injiniyan wuta, Kawo

'Yata, maganar Malam gaskiya ce, amma ni ina ganin jagoranki na farko yana nan Kaduna, ba ya bukatar biza. Na yi aikin duti a ɗakin kula da wuta har na yi ritaya, kuma abin da kike son ki rubuta shi ne abin da muke yi kullum ba tare da kowa ya tambaye mu ba.

Bari in ba ki misali. Da tsakar dare sai ki ga mitar da ke auna saurin bugun wutar, wadda ya kamata ta tsaya a kan 50, ta fara yin ƙasa, waya ta yi ƙara daga cibiyar kula da wuta ta ƙasa da ke Oshogbo, a ce a rage lodi, wato yawan wutar da ake ja, nan take. Takardar ƙa'ida ta faɗi jerin layukan da za a cire, amma mai duti ya san cewa wannan fida, wato layin da ke kai wuta wani yanki, tana ɗauke da asibiti, waccan kuma injinan tura ruwa ne a kanta, idan aka yanke ta gari zai wayi gari babu ruwa a famfo. Cikin 'yan mintoci zai zaɓa, kuma abin da zai rubuta a littafin duti layi ɗaya ne: lokaci da sunan layin da aka cire. Dalilinsa yana cikin kansa. Haka nan duk tsohon ma'aikaci ya san cewa ƙurar hunturu tana taruwa a kan tangaran ɗin da ke riƙe da wayoyi, sai yayyafin farko ya jiƙa ta wuta ta yi tsalle, don haka tun hadari bai haɗu ba yake shirya inda zai juya lodi. Wannan shi ne hangen da Malam ya ambata.

Ki nemi irinmu ta reshen Kaduna na Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, ki je taronsu ki gabatar da kanki. Kada ki zo mana da takardar tambayoyi mai akwatunan cikewa a ziyarar farko. Ki zauna, ki bar mutum ya ba ki labarin daren da komai ya kusa lalacewa amma bai lalace ba. Mun fi son ba da wannan labari, kuma shi ne ba a taɓa rubutawa ba, domin kwamitin bincike ba ya zama sai an yi ɓarna.

Mai koyar da tsaron lafiyar aiki, Barnawa

Baba ya buɗe miki ƙofa mai kyau, sai dai akwai amana a cikinta wadda dole ki shirya mata tun yanzu. Wannan fanni yana rayuwa ne a kan bambancin da ke tsakanin aiki yadda aka tsara shi a takarda da aiki yadda ake yin sa a zahiri, kuma ma'aikacin da ya faɗa miki inda ya kauce wa takarda ya ɗora aikinsa a hannunki. Ki sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arki da izinin hukumar tashar a rubuce, ki ɓoye sunaye da ranaku ta yadda ba za a gane mai magana ba. Wanda ya yi ritaya yana da 'yancin bakinsa, amma wanda ke bakin aiki ba haka yake ba.

Na biyu, kada neman jagora a waje ya sa malaminki ya ji an tsallake shi. Shi ne zai tsaya miki ranar kare kundi, a gaban malaman da wataƙila za su tambaye ki ina lissafin yake a cikin wannan hira da ma'aikata. Ki nuna masa kowace wasiƙa kafin ki aika, ki kuma roƙe shi ya ɗauki ɓangaren lissafin, domin haɗa bayanan lodi da abin da masu duti suka faɗa zai ƙarfafa aikin a idon sashen. Idan kina son ganin yadda ake rubuta binciken haɗari ba tare da neman wanda za a ɗora wa laifi ba, rahotannin Hukumar Binciken Haɗurran Sufuri ta Nijeriya suna intanet, kuma Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da ke Zariya tana da malaman da suka daɗe suna koyar da halayyar ɗan Adam a bakin aiki.

Ɗaliba daga Malali

Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Zan fara da zama da malamina a kan shafi biyun nan da takardar izini. Baba, idan izinin ya fito, ina roƙon ka zama wanda zan fara zama da shi, ka kuma haɗa ni da wani cikin abokan aikinka da ya san yadda aka raba ɗan abin da ya rage na wuta a kwanakin Oktoban 2024.