Na tsawaita tiyon numfashin kafireto a injin Rotax 912, yanzu inji yana gargada a sama

Bashir ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina da ƙaramin jirgi mai kujera biyu wanda na harhaɗa da hannuna, yana ɗauke da injin Rotax 912 ULS mai ƙarfin doki 100 da kafireto biyu samfurin Bing 64, kowanne da matatar iskarsa a bakinsa, babu akwatin iska. Kwanakin baya na lura cewa ɗan gajeren tiyon nan da ke fitowa daga gefen kafireto, wanda ake soke bakinsa a ƙarƙashin wayar da ke riƙe kofin mai, wato mazubin da fetur ke taruwa a gindin kafireto, yana ɗigar da fetur a ɓangaren hagu, musamman idan inji yana juyawa a hankali kafin tashi. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin bututun salansa yana ƙarƙashin wurin, kuma ba na jin akwai matuƙin da zai ga fetur yana ɗiga kusa da ƙarfe mai zafi ya samu natsuwa.

Sai na cire gajerun tiyon guda biyu na sa dogaye, na bi da su ta jikin katangar da ta raba inji da mazaunin matuƙi, na fito da bakinsu ta ƙasan murfin inji, don duk abin da ya zubo ya tafi waje. Na gwada injin a ƙasa har ƙarshen totur, ban ji komai ba. Amma da na tashi, gudu ya kusa kilomita 150 a awa, sai inji ya fara gargada, zafin hayaƙi ya haura inda na saba gani, kuma ɓangare ɗaya ya fi ɗayan hawa. Na rage totur, na zagayo na sauka lafiya, tun daga ranar ban sake tashi ba. Tambayata ita ce, shin tiyon da aikinsa zubar da rarar mai ne kawai zai iya jawo wannan? Idan kuwa shi ne, ta wace hanya zan nisantar da fetur daga salansa ba tare da na ɓata aikin inji ba?

Injiniya Haruna ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Mun gode wa Allah da ka sauka lafiya, kuma ka kyauta da ka ajiye jirgin. Tiyon ne ya jawo abin da ka gani, kuma matsalar ta fara tun daga yadda ka ɗauki aikinsa. Ba magudanar rarar mai ba ne. Fetur yana fitowa ta cikinsa ne kawai idan wani abu ya lalace, amma ainihin aikinsa shi ne ya shigar da iska saman man da ke cikin kofi, yadda matsin iskar da ke danna man zai zama daidai da matsin iskar da ke bakin kafireto.

Dalilin kuwa shi ne, famfo ba ya tura mai cikin inji kai tsaye, iyakacinsa ya cika kofi, fulot, wato abin da ke yawo a kan man, ya taso ya tura allurar da ke rufe hanyar shigar mai. Abin da ke ɗaga mai daga kofi ya bi ta jet, wato ƙaramar kafar da ke auna mai, ya shiga maƙogwaron kafireto shi ne bambancin matsi tsakanin saman kofi da maƙogwaron, inda iska ke wucewa da sauri matsinta ya ragu. An zaɓi girman jet da siffar allurar da ke cikin jet ɗin Bing 64 bisa sharaɗin cewa iskar da ke saman kofi da wadda inji ke shaƙa duka daga wuri ɗaya suke. Da zarar an kai bakin tiyon inda matsi ya fi yawa, mai zai yi wa inji yawa, fulogi su yi baƙi. Idan kuma aka kai shi inda iska ke zuƙa, mai zai yi kaɗan, zafin hayaƙi ya hau, a ƙarshe inji yana iya mutuwa. Hawan zafin da ka gani ya nuna cewa iskar da ke gogar ƙasan murfin tana zuƙar bakin tiyonka.

Ka duba girman abin da lissafi. Matsin da iska mai gudu ke haifarwa shi ne rabin nauyinta a kowace kubik mita, a ninka da gudunta sau gudunta. A kilomita 150 a awa, kusa da doron teku, ya ɗan haura miliba 10, wato kwatankwacin nauyin fetur mai tsayin santimita 15 a cikin bututu. Mu kuwa muna gyara tsayin mai a cikin kofi da milimita, muna kuma ganin tasirinsa a aikin inji. Ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan matsi ya isa bakin tiyon, ya isa ya rikita ma'aunin mai da iska. Haka kuma matsin yana ƙaruwa ne ninki huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, shi ya sa gwajinka na ƙasa bai nuna komai ba, sai da ka bar titin jirgi, a daidai lokacin da matuƙi ya fi buƙatar cikakken ƙarfin inji kuma ba shi da tsayin da zai yi dabara. Wannan kafireto ba shi da sandar da matuƙi zai ja ya ƙara ko ya rage mai daga mazauninsa, don haka abin da aka saita a ƙasa da shi za a zauna a sama.

Bambancin da ka gani tsakanin ɓangarorin ma yana da bayani. Kafireto ɗaya yana ciyar da silinda ta 1 da ta 3, ɗayan yana ciyar da ta 2 da ta 4, kuma da wuya bakunan tiyo biyu da aka yanka da hannu aka fito da su wurare daban su samu matsi iri ɗaya. Rabin inji yana samun mai kaɗan, rabi yana samun wanda ya ɗan fi, daga nan gargada ke fitowa. Littafin girka injin na Rotax ya yi gargaɗi a fili cewa kada a bi da waɗannan tiyo zuwa cikin iskar da ke wuce jirgi ko a gangara da su jikin katangar inji. Wanda ke da akwatin iska, can ake haɗa su. Wanda ke da matata a bakin kafireto kamar kai, gajeru ake bari kusa da matatar. A injin 914 mai turbo ma kofunan suna haɗe da akwatin iska, har matsin fetur ɗin kansa ana riƙe shi sama da matsin akwatin da kusan miliba 250. Kafireton Marvel-Schebler da ke kan yawancin ƙananan injunan Lycoming da Continental kuwa, hanyar numfashinsa a cikin jikinsa take, shi ya sa waɗanda suka saba da su ba su san wannan matsala ba. Tsohon kafireton Stromberg na injin Continental A-65 da gangan yake rage matsin saman kofi idan ana son rage mai a sama, wanda shi ne abin da ka yi wa injinka ba da niyya ba.

Ka mayar da gajerun tiyon yadda suke, sannan ka nemo abin da ya sa hagu ke ɗiga, domin kafireto mai lafiya ba ya zubar da mai. Ka ciro fulot biyu na kowane kofi ka auna su tare, kada su wuce giram 7. Idan sun wuce, sun sha mai, ba sa tasowa yadda ya kamata. Ka duba kan allurar da mazauninta ko sun ci ko datti ya maƙale, ka auna matsin fetur ka kwatanta da iyakar da littafi ya ba famfonka, ka kuma tabbata bututun da ke mayar da rarar mai tanki yana nan bai toshe ba.

Malam Isa ya rubuta:

Injiniya ya gama magana kan dalili, ni dai zan taɓa damuwarka ta biyu, Malam Bashir, domin tsoron gobara da ka ji gaskiya ne, bai kamata a wuce shi ba. Hanyar da aka tanada ita ce farantin tare ɗigo da ake ɗaurawa ƙarƙashin kowane kafireto, wanda kuma yake kare kofi daga zafin salansa. Farantin yana da nasa bututun da za ka iya gangarawa da shi har waje, tunda babu abin da ya haɗa shi da cikin kofi. Gajeren tiyon numfashi ya tsaya a sarari a saman farantin, ɗigo ya faɗa ciki ya bi magudana. Abin kiyayewa shi ne kada a cusa tiyon numfashi cikin bututun magudanar, ko a haɗa su da mahaɗi, domin hakan ya mayar da kai inda ka fito. Dole iska ta ratsa tsakaninsu.

Na ga wasu maƙera suna barin dogon tiyo amma su huda masa 'yan ramuka kusa da kafireto, wai don matsin ya daidaita daga nan. Na taɓa tunanin yin haka, amma ban yi ba. Dogon tiyo yana da wata illa ko babu iskar waje: idan ya lanƙwasa ya yi kwari, mai zai taru a wurin ya toshe numfashin kofi gaba ɗaya, kuma bakin da ya leƙo waje shi ne irin ramin da zanzaro ke nema ya cika da laka idan jirgi ya yi makonni a ajiye.

Injiniya Haruna ya rubuta:

Malam Isa, ka yi daidai da ka bar maganar ramukan. Suna rage zuƙar, amma babu wanda zai iya faɗa maka nawa suka rage sai ya sa ma'auni, kuma idan kofi ya cika ya tumbatsa, ta ramukan mai zai fito, daidai wurin da ake gudu. Wanda ya dage sai ya canza hanyar tiyon, to ya ɗaura ma'aunin bambancin matsi tsakanin bakin tiyon da bakin matata, ya karanta shi a hawa da tafiya da gangarowa, a kowane ɓangare.

Akwai kuma batun izini, Malam Bashir. Wannan canji ne a tsarin man inji, ba ado ba. A Amurka, jirgin da masana'anta ta ƙera a rukunin ƙananan jirage marasa nauyi da ake kira S-LSA ba a canza masa irin wannan sai da amincewar masana'antar a rubuce, a Ingila kuma masu jiragen haɗin gida suna neman amincewar ƙungiyar masu ƙananan jirage ta LAA kafin su yi gyaran da ya saɓa wa tsarin da aka yarda da shi. Ka duba abin da hukumar da ta yi wa jirginka rajista ta shardanta, ka rubuta duk abin da ka yi a littafin tarihin inji. Tunda injin ya yi aiki da ƙarancin mai a cikakken ƙarfi, ko da na ɗan lokaci ne, ka ciro fulogi takwas ɗin ka duba launinsu, ka auna matsin silinda, in da hali a leƙa kan fistin da kyamarar bututu kafin ka sake tashi.

Bashir ya rubuta:

Injiniya, Malam Isa, Allah ya saka da alheri. Na mayar da gajerun tiyon ƙarƙashin wayar kofi, na ɗaura farantan da magudanarsu daban. Fulot na hagu da na dama duka ba su kai giram 7 ba, matsin fetur yana cikin iyaka, matsin silinda huɗu lafiya, fulogin ɓangaren dama sun ɗan fi fari amma babu alamar ƙuna. Da na buɗe kofin hagu na tarar da ɗan ɓarɓashin roba a mazaunin allura, daga tsohon tiyon mai wanda na bari ya wuce shekara 5 da aka ƙayyade ban canza ba, yanzu na canza su duka. Na kuma gano na saita juyin inji na ƙasa kusa da 1400 a minti, ga kafireton biyu ba su daidaita da juna ba, girgizar tana kaɗa man cikin kofi. Na daidaita su da ma'auni, na ɗaga juyin zuwa 1800, ɗigon ya tsaya.

Jiya na tashi na yi minti arba'in ina zagaye saman filin, a tsayin da zan iya sauka ko da inji ya mutu. Na gwada hawa da cikakken totur, na kai gudu har kilomita 180 a awa, gargada ba ta dawo ba, zafin hayaƙin ɓangarorin biyu yana tafiya kusa da juna. Da na sauka na buɗe murfi na shafa farantan da yatsa, duka biyun a bushe suke. Injiniya, zan sake duba su bayan kowane tashi har awa goma masu zuwa, sannan in kawo muku abin da na gani.