Musayar waƙa: iskar kabon ce ke ɗumama duniya ko rana ce?

Mai Alƙalami:
Salam yan uwa, jiya na kwana karanta yadda masana suka gano alaƙar hayaƙin da muke fitarwa (iskar kabon, wato CO2) da zafin da duniya ke ƙarawa, wlh abin ya tsaya min a rai shi ne nace bari in sa shi a baiti, amsa-amon mu "wa" ne dan Allah mai amsawa ya riƙe shi.

Rana na aiko haske, ƙasa tana karɓewa,
In ta ɗau zafi kuma sama take mayarwa,
Iskar kabon a hanya ita ce ke tarewa,
Kaɗan ɗinta rahama ce, ba don ita ba sai daskarewa,
Amma kwal da fetur da gas kullum muna ƙonawa,
Bargo in ya yi kauri, gumi ke tsattsafowa.

Mai Tambaya:
Yaya sannu da ƙoƙari amma ni fa ina da ja, ba gardama nake nema ba so nake in gane.

Iskar nan yar kaɗan ce, ido ba ya ganowa,
Tun fil azal ai yanayi dama yana juyawa,
Ko rana ce ta ƙara wuta, kabon ake ɗorawa?
Ga duwatsu masu aman wuta su ma suna fesowa.

Malamar Kimiyya:
Ƙanina gara da ka faɗa a fili, mutane da yawa na da wannan tambayar a ciki suna shiru.

Ƙanƙanta ba hujja ba ce, ɗigon dafi na kashewa,
Naitirojin da oksijin, zafi ta cikinsu yake wucewa,
A 1856 Eunice Foote a Amurka ta yi gwadawa,
Kwalaben gilashi ta samu, ma'aunin zafi tana zurawa,
Ɗaya iska ce zalla, ɗaya kabon ta yi ta ɗurawa,
Ta kai su rana ta zauna, lamba tana karantawa,
Mai kabon ta fi zafi, ta kuma daɗe kafin hucewa.
A 1859 Tyndall a Landan ya duƙufa aunawa,
Zafin da ƙasa ke maidowa, ya ga kabon ke shanyewa,
Arrhenius na Suwidin a 1896 ya zauna lissafawa,
In an ninka ta sau biyu, digiri 5 zuwa 6 ke ƙaruwa.

Lissafinsa ya ɗan yi sama, yanzu masana sun fi tsayawa kan kusan digiri 3, amma ka duba fa da hannu ya yi shi babu kwamfuta babu komai kuma ya gano inda abin ya dosa.

Dattijo:
Ƴaƴana ku ba ni wuri in sa baki, ni labarin masani Keeling mai auna kabon a iska ne ya fi taɓa ni.

A 1958 Keeling ya kafa na'ura a Mauna Loa tana shaƙawa,
Can tsibirin Hawai, nesa da hayaƙin garuruwa,
Kabon kashi 315 cikin miliyan na iska ta nuna da farawa,
Yau ta haura 420, ba alamar tsayawa,
Kafin zamanin injina a 280 take kwanawa.
Zanen nasa haƙoran zarto ne in kana dubawa,
Ganye ya fito ta sauka, ganye ya zube sai hawa,
Amma kowace shekara ta fi bara ɗagawa.
Ƙanƙarar Antatika ma an yi ta haƙowa,
Kumfar iska ta shekara 800,000 a ciki tana ɓuya ana fasawa,
Duk tsawon zamanin nan 300 ba ta wucewa.

Mai Tambaya:
Baba na gode, na yarda ta ƙaru. Saura rana da duwatsun nan.

Malama ki dawo, ɗayan ƙullin bai kai ga kwancewa,
Wa ya ce tamu ce, da me ake shaidawa?

Malamar Kimiyya:
Nan ne fa abin ya fi gamsar da ni, dan kowane mai laifi da irin sawun da yake bari.

Da rana ce ta ƙara wuta, sama da ƙasa duk sai ɗumamawa,
Amma can ƙololuwar sama sanyi take ƙarawa,
Nan ƙasa inda muke zafi ke ta taruwa,
Haka bargo ke yi, ciki ɗumi, bayansa na hucewa.
Tun ƙarshen shekarun 1970 taurarin ɗan'adam ke lura da rana ba ƙiftawa,
Ƙarfinta bai daɗu ba, zafi kuwa na hauhawa.
Tan biliyan 35 da ɗoriya duk shekara muke fitarwa,
Kusan kashi 1 cikin 100 na wannan duwatsu ke amayarwa.
Kabon-14 irin kabon ce mai raguwa in zamani na shuɗewa,
Kwal da fetur sun tsufa, kabon-14 ɗinsu ta gama ƙarewa,
Ga kasonta a iska shi ma yana raguwa,
Ka ga tsohon kabon ne daga ƙarƙashin ƙasa ke shigowa.

Mai Tambaya:
Wlh wannan na sanyin sama ban taɓa ji ba, ya shige ni. To duk abin da muke fitarwa a iska yake zama?

Mai Alƙalami:
A'a ƙanina, kusan rabi ne ke zama, sauran dazuka da teku ke ɗauka.

Kusan rubu'in hayaƙinmu teku ce ke haɗiyewa,
Ruwan yana ƙara tsami a hankali ba a ankarewa,
Murjani da kawa ɓawonsu na wuyar ginuwa,
Zafin ma fiye da kashi 90 ruwan teku ke ɗaukewa,
Ruwa in ya ɗumi kumbura yake, gaɓa yana cinyewa,
2024 ta fi duk shekarun da aka taɓa aunawa,
Kusan digiri 1.5 bisa zamanin da injina ba su fara tasowa.