Kuɗin da tsohon miji ke biya bayan saki, har yaushe ne?

Salam ƴan group, admin dan Allah a ɓoye sunana. Muna zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka, aurenmu shekara 8 da yara biyu, an ɗaura a masallaci kuma mun yi rajista da gwamnati, yanzu maganar rabuwa na gaban kotu. Tunda na zo ban taɓa aiki ba don shi ya ce in zauna da yara. Wai wata uku na idda zai ba ni shikenan, ƙawata kuma ta ce har mutuwa zai yi ta biya, wanne zan kama?

Maman Biyu: Ƴar uwa duk su biyun ba haka bane. A Kalifoniya in aure bai kai shekara 10 ba, abin da aka saba rabin tsawon auren ne, naki wajen shekara 4 kenan, amma alƙali na iya ƙarawa ko ya rage, zai duba albashinsa da lafiyarki da shekarun da kika yi a gida ba aiki, kuma za a so ganin kina neman tsayawa da ƙafarki. Wanda ya kai 10 ne ba a cika sa masa ranar ƙarewa tun farko ba. Kina sake aure kuɗin ya tsaya fa, haka in ɗayanku ya rasu.

Malam: Baiwar Allah, a shari'a ciyarwa a sakin kome sai idda ta cika, mai ciki kuwa sai ta haihu, Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa. Amma ciyar da yara na wuyan uba, ba ruwansa da idda, kar ya haɗe miki su.

Anti Texas: Ki gode Allah ba nan jihar Texas kike ba, mu in aure bai kai shekara 10 ba da wuya a ba ki sai in da duka ko naƙasa. Florida ma sun soke na dindindin tun 2023.

Mai tambaya: Jiya ya kawo takarda in sa hannu wai na yafe, don a gama da wuri.

Maman Biyu: Kar ki sa wallahi! In kika yafe a rubuce alƙali ya amince, da wuya ki iya komawa. Kotun kowace gunduma a jiharku na da ofishin taimako kan shari'ar iyali kyauta, ki kai musu takardar ko ki nuna wa lauya tukuna.